Yadda Rediyo Ya Sauya Murfin Ramin Mitar Ruwa a Amurka

A unguwanni da yawa na Amurka, musamman a jihohin kudu da na yamma, mitar ruwa ba a cikin gida take ba. Tana zaune ne a cikin wani ɗan rami a bakin titi, inda bututun hukumar ruwa ya haɗu da na mai gida, an rufe ta da murfi. Kusan shekara ɗari murfin nan na ƙarfen zubi ne, kuma babu wanda ya ga dalilin taɓa shi. Yau a garuruwa da dama an ɗebe na ƙarfen an sa na roba, wasu kuma an huda su an dasa musu wani ɗan ƙululu a tsakiya. Ba tsatsa ce ta ci ƙarfen ba, ba kuma karyewa ya yi ba. Mai karanta mitar ne ya canza: da mutum ne mai ido da hannu, yanzu rediyo ne.

Ita mitar ruwa ta girmi ramin. A farkon shekarun 1850 William Siemens a Ingila da Thomas Kennedy na garin Kilmarnock a Sukotland kowa ya fito da tasa, sannan Henry Worthington ya biyo baya a Amurka a 1855. Amma garuruwa sun daɗe ba su rungume ta ba. Ana yanka wa gida kuɗi ne gwargwadon girmansa ko yawan famfunansa, ka sha kaɗan ka sha da yawa duk ɗaya. To wanda ba a auna masa ba ya tattali. Mutane kan bar famfo a buɗe kwana da kwanaki, musamman lokacin hunturu, don kada ruwan ya daskare a bututu. Da hukumomi suka gaji suka koma ga mita, sai suka ci karo da wannan sanyin dai. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya tsage cikin mita. Kamfanin Badger Meter, wanda aka kafa a Milwaukee a 1905, ya yi suna ne da mitar da aka yi wa gindi mai rauni da gangan, don idan ƙanƙara ta matsa gindin ya fashe, sauran kayan cikin su tsira.

Edwin Ford ya bi wata hanya daban. Shi ne mai kula da ruwan garin Hartford City a jihar Indiana, kuma a 1898 ya fara ƙera akwatin mita da ake binnewa a waje. Dabarar ba ta buƙatar wuta ko inji. Ƙasa daga wani zurfi ba ta daskarewa ko da sanyi ya kai inda ya kai. Sai a haƙa rami ya wuce wannan iyaka, a bar gindinsa a buɗe, a ɗago mitar kusa da baki yadda za a iya ganin lambobinta, ɗumin ƙasa kuma ya riƙa tasowa yana kewaye ta. Aikin murfi shi ne ya tsare wannan ɗumin. A wuraren da sanyi ya fi tsanani har murfi biyu ake sawa, na ciki da na waje, iskar da ke tsakaninsu ta zama bargo. Kamfaninsa ya koma garin Wabash a 1911, kuma har yau yana can da sunan Ford Meter Box.

Zaɓin ƙarfen zubi bai zo da gardama ba. Masana'antun narka ƙarfe sun cika yankin, irin su Neenah a Wisconsin da ta fara a 1872 da East Jordan a Michigan da ta fara a 1883, kuma su ne suka zuba murafan kwalbatoci na birane masu yawa. Ƙarfen yana da araha, yana ɗaukar nauyin ƙafar doki da tayar mota, nauyin kansa kuma yana hana shi gushewa daga mazauninsa. Ana zuba shi da kalmar ruwa ko sunan gari a jiki. Ana kuma kulle shi da ƙusa mai kusurwa biyar, wadda sifanan gida ba ta kama ta, sai mabuɗin ma'aikaci.

Shi kuwa ma'aikacin, aikinsa ba abin sha'awa ba ne. Ya taka unguwa gida-gida da ƙugiya a hannu, ya ɗaga murfi, ya durƙusa, ya share laka daga gilashin mita, wani lokaci sai ya kwashe ruwan da ya cika ramin kafin ya ga lamba, ya rubuta a littafi, ya mayar da murfi, ya wuce na gaba. A jihohin kudu ramin gidan gizo-gizo mai dafi ne da jan tururuwa, ba a rasa maciji ma. Ciwon baya da datsewar yatsa abokan sana'ar ne. A biranen arewa, inda mitoci ke ɗakin ƙarƙashin gida, matsalar wata ce: sai an ƙwanƙwasa ƙofa. Da zamani ya juya miji da mata duk suna fita aiki, sai ma'aikaci ya yini yana sallama babu amsa. Inda ba a samu karantawa ba sai a yi ƙiyasi, kuma rigimar bil na ƙiyasi ba sai an yi wa mai karatu bayaninta ba.

Rauni na farko da aka yi wa murfin ƙarfe ya zo ne kafin rediyo. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Rockwell, wanda sashensa na mitoci ya zama Sensus daga baya, ya fito da tsarin TouchRead. Ana huda murfin, a dasa wani ɗan faifai da waya ta haɗa shi da mita. Ma'aikaci ya zo da sanda ya dangwala a kan faifan, sandar ta ba mitar ɗan ƙarfin lantarki, mitar ta mayar da lambarta, ba tare da an ɗaga komai ba. Faɗin hujin bai kai inci 2 cikakku ba. Abin lura shi ne wannan ɗan hujin ya fi fasahar da ta haife shi tsawon rai, domin masu ƙera na'urorin rediyo da suka zo baya sun tarar da murafai masu ɗimbin yawa an riga an huda su, sai suka ƙera eriyoyinsu daidai da shi.

An gwada layin tarho ma. Theodore Paraskevakos, injiniya haifaffen Girka da ya yi aiki da kamfanin Boeing a Huntsville ta jihar Alabama, ya samu haƙƙin mallakar wata fasaha ta aika karatun mita ta waya a 1974, ya kuma kafa kamfanin Metretek a 1977. Wannan ya dace da mitar da ke cikin gida kusa da tarho. Ramin bakin titi kuwa babu layin da ya je wurinsa.

Ƙofar ta buɗe ne a 1985, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yarda a yi amfani da wasu zangunan rediyo ba tare da lasisi ba, ciki har da na tsakanin megahaz 902 da 928. Wani kamfani a Minnesota mai suna EnScan ya ƙera ƙaramar na'ura mai batir da ake liƙa wa mita ta riƙa aika lambarta ta iska, kuma kamfanin Itron ya saye shi a 1992. Daga 1997 birnin Philadelphia ya sa irin wannan na'ura a kan mitoci sama da 400,000. Maimakon ayarin ma'aikata a ƙafa, mota ce ta riƙa ratsa unguwa da kwamfuta a ciki tana tsince lambobi.

A nan ne murfin da ya yi shekaru yana hidima ba tare da ƙorafi ba ya zama abokin gaba. Tun 1836 Michael Faraday ya nuna cewa abin da aka kewaye da ƙarfe ya rabu da tasirin lantarkin waje, kuma haka igiyar rediyo take: ta doki ƙarfe ta dawo. Duk wanda ya taɓa shiga kwantena da wayarsa ya ga sabis ya ɗauke ya san abin. Na'urar da ke cikin ramin mita tana da murfin ƙarfe a bisa kanta, da zoben ƙarfe a bakin ramin, da jiƙaƙƙiyar ƙasa a kowane gefe, ita ma mai shanye sigina ce. Idan damina ta cika ramin da ruwa, an gama magana. Lokacin da mota ke wucewa taku kaɗan daga ramin, ɗan abin da ya sulale ta gefen murfi yakan wadatar wani lokaci. Amma daga shekarun 2000 hukumomi suka so su ajiye motar ma, su kafa na'urorin karɓa a kan dogayen gine-gine da tankunan ruwa, mita ta riƙa ba da rahoto sau da yawa a rana daga nesa mai tsawo. New York ta bi wannan tsari daga 2009 a kan mitoci fiye da 800,000. Ga mitar da ke cikin rami, nisan ya fi ƙarfin muryarta.

Mai tambaya zai ce a ƙara wa na'urar ƙarfi mana. Doka ta taƙaita ƙarfin a wat 1 a wannan zango, kuma tun kafin a kai ga doka batir ya riga ya hana. Babu wutar lantarki a ramin. Batirin litiyam ne ɗaya ko biyu, an lulluɓe su cikin roba don kada ruwa ya shiga, ana sa ran su kai shekara 20 ba a canza ba. Duk ƙarin ƙarfi ragin kwana ne. Sai ya zama hanyar da ta fi araha ita ce a gyara murfin, abin da babu waya ko lissafi a cikinsa.

Wasu garuruwa suka riƙe ƙarfensu, suka zura eriya ta hujin nan ta leƙo waje. Ta yi aiki, amma abin da ya ɗago sama da ƙasa a bakin titi ba ya daɗewa. Injin yankan ciyawa ya fille ta, motar ture dusar ƙanƙara ta kwashe ta, mai tafiya ya yi tuntuɓe ya kai hukuma kotu. Ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar kare naƙasassu ta 1990 ba su yarda da tudun da ya wuce rubu'in inci a hanyar masu ƙafa ba sai an daddale gefensa. Don haka masana'antu suka fara zuba murfi mai ɗan kwarmi a tsakiya, kan eriyar ya kwanta ciki ya daidaita da fuskar murfin.

Wasu kuma suka ce a rabu da ƙarfen kawai. Kamfanonin tarho da na lantarki da masu ban-ruwan lambu sun riga sun saba da akwatunan ƙasa na roba mai tauri, da na zaren gilashi, da na wani irin kankare da ake kwaɓawa da ƙaro na roba maimakon siminti. Duk waɗannan igiyar rediyo tana ratsa su. Sai aka ƙera murfi da maƙali a cikinsa, a rataye na'urar daga ƙasa, nesa da ruwan gindin rami, ba abin da ya leƙo waje.

A ganina nan ne labarin ya fi daɗi, domin sai da aka cire ƙarfen aka gane ayyukan da yake yi a ɓoye. Robar da ake yawan amfani da ita ba ta kai ruwa nauyi ba, don haka ambaliya takan ɗauke murfin ta bar rami a buɗe da waya a tsinke. Dole aka ƙara masa nauyi ko makulli. Rana tana cin roba, dole aka gauraya ta da sinadarin kariya. Ramin da ciyawa ko dusar ƙanƙara ta binne, da na'urar gano ƙarfe ake nemo shi, yanzu kuwa ba ta jin komai. Sai aka koma ana dasa ɗan maganaɗisu ko guntun rodi a cikin murfin robar, wato ƙarfen da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Ga batun nauyi: ma'aunin da injiniyoyin hanya na Amurka ke kira H-20 yana nufin fam 16,000 a kan taya, sama da tan 7, kuma ba kowane murfin roba ke ɗaukar wannan ba. Shi ya sa a kan kwalta da mashigar motoci ƙarfe bai sauka daga kujerarsa ba. Sannan ga wahalar da babu injiniyan rediyon da ya hango: zoben da murfin ke zama a kai yana binne tun zamanin kakanni, masana'antu daban-daban suka zuba shi, wasunsu sun mutu tuni, kowa da awonsa. Gari ɗaya sai a tarar da girma iri-iri, dole a bi rami-rami da ma'auni kafin a ba da odar murfi.

Ɓarayi ma sun taimaka wa roba. A 2008, da farashin tsohon ƙarfe ya tashi, Philadelphia ta yi asarar murafan kwalbati da ragar magudana fiye da 2,500 cikin shekara guda. Mazauna Abuja sun ga irin wannan a farkon 2025, lokacin da aka kwashe murafan manyan tituna har hukuma ta rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Murfin roba ba ya da kuɗi a kan sikelin mai jari-bola.

Turai ta bi nata salon. Ƙa'idar EN 124 ta 1994 ta kasa murafai aji shida gwargwadon nauyin da suke ɗauka, daga A15 na hanyar ƙafa zuwa F900 na filin jirgin sama, kuma da aka sabunta ta a 2015 an ware wa na roba da na gauraye sassansu. Faransawa kuwa sun karkata ga zangon megahaz 169, domin igiya mai tsawo ta fi iya fita daga rami da bayan bango.

Murfi mai kyau dai yana buɗe wa sigina hanya ne kawai, ba ya hana na'ura tsufa. Houston ta jihar Texas, birni mai yawan ambaliya da mitocinsa ke cikin ramuka, tana cikin waɗanda suka shiga karatun rediyo da wuri. Da na'urorin suka tsufa suka yi shiru, bil na ƙiyasi ya dawo, wasu gidaje suka ga kuɗin da ya ninka abin da suka saba biya sau da yawa. A 2024 magajin gari John Whitmire ya ba da sanarwar sauya na'urori kusan 125,000 da suka daina aiki, kuma kafin a kai ga kowane gida aka yanka masa tsayayyen adadin ruwa a wata, gwargwadon abin da ya saba sha a baya.