Amsa-kuwwar Jiki: Tarihin Farfaɗo da Shanyayyen Hannu, daga Cambridge zuwa Guéné

Guéné gari ne a kudu da Malanville, a jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin, kan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ƙetare Kogin Kwara zuwa Gaya ta Nijar. Ƙasar Dendi ce, wadda fataken Hausa masu zuwa Gwanja suka daɗe suna ratsawa. Idan hawan jini ya kayar da magidanci a nan, ɓarin jikinsa ya shanye, asibitin koyarwa mafi kusa a cikin ƙasar yana Parakou, tafiyar kimanin kilomita 300. Shi ya sa tarihin yadda aka koyi farfaɗo da shanyayyen hannu ya shafi irin wannan gari kai tsaye.

A al'adar Bahaushe, shanyewar gaɓa aikin iska ne. Sunan shan-inna, wanda aka laƙaba wa cutar da ke nakasa yara, ya samo asali daga Inna, wato Doguwa ta bori, wadda aka ce ita ke shanye ƙafa ko hannu. A Turai ma an daɗe cikin duhu, sai a 1658 likita Johann Jakob Wepfer ya nuna cewa zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa na haddasa wannan faɗuwa. Duk da haka, har cikin ƙarni na 20 masana da yawa sun ɗauka ƙwaƙwalwar baligi ba ta sake tsari, don haka abin da ya shanye ya tafi ke nan.

Sauyi ya faro daga wata allura. A 1929, a Cambridge ta Ingila, Edgar Adrian da Detlev Bronk suka ƙera siririyar allura mai ɗauko ɗan lantarkin da tsoka ke fitarwa yayin motsi, suka haɗa ta da amsa-kuwwa, sai ga aikin tsoka ana jin sa da kunne. A 1960 Marinacci da Horande suka ba da rahoton amfani da wannan sauti wajen sake horar da majinyata a Amurka. A 1963 John Basmajian, ɗan Kanada, ya nuna cewa mutumin da yake gani kuma yake jin aikin tsokarsa zai iya sarrafa ɗan mitsitsin sashe guda daga cikinta. Kalmar bayofidbak ta kafu a 1969, lokacin da masu wannan bincike suka kafa ƙungiyarsu a Santa Monica. Da Hausa ana iya kiran dabarar amsa-kuwwar jiki.

Hikimar mai sauƙin fahimta ce. Sau da yawa shanyayyen hannu bai mutu ɗungurungum ba. Akwai ragowar saƙo mai rauni da ke isa tsoka, amma bai kai ya ɗaga yatsa ba. Majinyaci ya yunƙura, bai ga komai ba, sai ya fid da rai. Na'ura kan mayar da wannan ɓoyayyen yunƙuri ya zama ƙara ko haske, majinyaci ya gane inda ya dace, ya maimaita, har sassan ƙwaƙwalwa masu lafiya su karɓi aikin waɗanda suka lalace. A 1975 Basmajian da abokan aikinsa suka gwada haka a kan masu jan ƙafa bayan shanyewar ɓarin jiki. Daga baya aka faɗaɗa dabarar zuwa igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa, waɗanda Hans Berger ya fara bayyanawa a 1929, da nufin gyara natsuwa da tuni.

Sai dai ba a sayen kura a rami. A 2007 cibiyar Cochrane ta tace gwaje-gwaje 13 da suka ƙunshi mutum 269, ta ce hujjar da ke ƙasa ba ta isa a tabbatar cewa na'urar tsoka ta ƙara wani abu a kan atisayen da aka saba ba. Abin da ya fi samun goyon baya shi ne kayan aiki mafi araha. A 1999 Eric Altschuler da V. S. Ramachandran da abokan aikinsu suka wallafa gwajin madubi a mujallar Lancet: a ɓoye shanyayyen hannu a bayan madubi, a motsa lafiyayyen a gabansa, ido ya ga kamar marar lafiyan ne ke motsi. Bitar Cochrane ta 2018, mai nazarce-nazarce 62, ta samu cewa madubi na taimaka wa dawowar motsi idan an haɗa shi da sauran atisaye.

Wannan sana'a, wadda Hausawa ke kira gashin ƙashi, ta shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara digirinta a 1966. A Benin, makarantar horar da ma'aikatanta ta buɗe a Kwatano a 2000 da tallafin Beljiyam. A Benin ɗin da Beljiyam ne kuma Charles Batcho da abokan aikinsa suka nuna, a 2013, cewa tafiya da sauri a kai a kai na ƙara wa waɗanda suka daɗe da ciwon kuzari da iya hidimar kai.

Na'urar lantarki na bukatar wuta, da kuɗi, da gwani. Madubi kuwa akwai shi a ɗakin kowace amarya, sikelin awo ma yana iya nuna wa majinyaci yawan nauyin da ya ɗora wa raunanniyar ƙafa. Sharaɗi biyu ne ba su canza ba: a garzaya asibiti da zarar baki ya karkace ko magana ta sarƙe, sannan a fara atisaye da wuri bisa jagorancin ma'aikacin lafiya, domin watanni uku na farko su ne lokacin da jiki ya fi karɓar gyara. Iyalin da suka shafe waɗannan watanni suna jiran iska ta saki ɗan'uwansu sun yi asarar da ke da wuyar mayarwa.