Tarihin Arkiya, Halittun Tabki da Tumbin Saniya

Mai karatu, ka taɓa shiga tabki a kwarin Korama, ko a ƙasar Magariya da Dungas? In ka taka laka, sai kumfa ya taso. Wace iska ce wannan? Wa ya yi ta?

A shekarar 1776, wani masani ɗan Italiya mai suna Volta ya tara irin wannan iska a bakin wani tabki. Ya kusanto da wuta, sai ta kama. Sunanta metan. Daga baya aka gane ƙananan halittu ne ke yin ta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Aka sa su cikin dangin bakteriya, don sun yi kama.

Amma kama da wane ba wane ba ne. A 1977, Carl Woese da George Fox na Amurka suka binciki wani abu da kowane mai rai ke gado daga iyayensa. Suka tarar asalinsu dabam ne. A 1990, Woese da abokansa suka raba masu rai gida 3: bakteriya, da arkiya, da gidan mutane da dabbobi da itatuwa. Da Girkanci, arkiya na nufin abin da ya daɗe. A 2015 aka gano wasu a lakar ƙasan teku. Binciken ya sa masana da yawa suna ganin gidanmu daga gidan arkiya ya tsiro.

Wasunsu suna zaune cikin ruwan gishiri da kanwa, har su mai da shi ja, kamar a tabkin Magadi na Kenya. Wasu suna cikin tumbin saniyarka. Suna taimaka wa narkewar ciyawa, ita kuwa ta fitar da metan ta gyatsa. Har cikin hanjinka akwai su. Kada ka ji tsoro, ba a san wadda ke jawo cuta ba.

To, ina amfaninsu? Ka san itacen girki ya yi wuya, hamada kuma tana matsowa. In aka dama kashin shanu da ruwa cikin rufaffen rami, arkiya za su ba da iskar dafa tuwo. Abin da ya rage kuma taki ne. Manoman Indiya da Sin sun daɗe suna haka.

Ku tattauna a aji: shanu nawa ke garinku, kuma ina kashinsu ke zuwa?