Ranar 2 ga Watan Oktoba

Ya kai mai karatu, ranar 2 ga watan Oktoba tana iske mu cikin kaka, muna yankan hatsi. A tarihin duniya kuwa, rana ce ta waɗanda suka ce ma masu mulkin mallaka "a'a" ba tare da bindiga ba. Ga labari biyu.

Na farko daga ƙasar Indiya. A wannan rana, a shekara ta 1869, aka haifi Mahatma Gandi. A lokacinsa Ingilishi ke mulkin Indiya. Sun hana talaka haɗa gishiri da kansa, sai ya saya ya biya haraji. A 1930 Gandi ya yi tafiyar kwana 24 a ƙasa har bakin teku, ya duƙa ya ɗibi gishiri. Jama'a suka yi koyi da shi. Aka rufe dubbai a gidan kaso, amma ba su rama duka ba. Indiya ta samu ƴanci a 1947.

Na biyu ya fi kusa da mu. Ranar 28 ga Satumba 1958, Janar Digol ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulki: kuna tare da mu, i ko a'a? A nan Nijar, Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba suka nemi a ce "a'a", amma "i" ta rinjaya. Gine kaɗai ta ƙi. Seku Ture ya ce gara talauci cikin ƴanci da wadata cikin bauta. Kwana 4 bayan ƙuri'ar, ranar 2 ga Oktoba, Gine ta zama ƙasa mai mulkin kanta.

Kada ka zaci abin ya zo da sauƙi. Faransa ta kwashe malamanta da likitocinta da kayan aiki, ta yanke taimako. Daga baya kuma mulkin Seku Ture ya yi tsanani, mutane da yawa suka mutu a kaso. Shi ma Gandi, harbe shi aka yi a 1948.

Duk da haka Gine ta buɗe hanya. Kafin shekara 2, ranar 3 ga Agusta 1960, Nijar ta samu nata ƴancin. In wannan rana ta sake zagayowa, ka ba yaranka labarinta.