ZAMANIN TSUKE BAKIN ALJIHU: YADDA KASET, LITTAFI DA DANDALI SUKA RIƘE MUTANENMU

Yau tarihi zai kai mu gida, yammacin Zamfara, ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, kuma zai mayar da mu baya kamar shekara 40.

Abin da ya jawo zancen shi ne wata ziyara da na kai wa kawuna, mutumin Tungar Guru, wanda yanzu yake zaune a Gusau. Muna cikin hira sai ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya buɗe. Kasakasai ne cike, wasu rubutun jikinsu ya goge, wasu zaren ya tsinke an liƙe. Na ce masa, "Kawu, kullum kuna cewa zamanin nan abinci ma gagara yake yi, to da me kuke sayen batir?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai ba mutum guda ka sayen batir ba. Haɗa kuɗɗi mukai, unguwa duka ta saurara." Wannan amsar ce ta sa na koma na bi tarihin lokacin.

Mu fara da wahalar kanta. A shekarun 1970 Najeriya ta yi kuɗin man fetur kamar ba za su ƙare ba. Da farashin mai ya fara faɗuwa, a watan Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya daga waje. A 1983 fari ya afka wa arewa, ga kuma annobar shanu da ta yi wa makiyaya ɓarna mai yawa. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari. A watan Afrilun 1984 aka canza launin kuɗi aka rufe iyakoki, mutane suna bin layi don sayen sabulu da sukari da madara. Maƙwabtanmu na Nijar har yau suna kiran yunwar wannan shekarar da suna El Buhari. Janar Ibrahim Babangida ya zo a watan Agustan 1985, a 1986 kuma ya ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arzikin da kowa ya sani da SAP, shekarar da gangar mai ta faɗo zuwa wajen dala 10. Kafin SAP dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Zuwa 1994 naira 22 ce, a kasuwar bayan fage kuwa ta zarce haka nesa. Duk wannan muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato ne, don sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Zamfara.

To a irin wannan hali, ina makomar makaɗi? Ku tuna cewa ƙasar nan tamu gidan kiɗa ce. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ɗan ƙasar Bakura da Maradun ne, kuma da kiɗan noma ya fara a gaban mahaifinsa kafin ya zama makaɗin sarauta. Sa'idu Faru namu ne, Kassu Zurmi namu ne. Makaɗin gargajiya da kyauta yake rayuwa: sarki ya ba da doki da riga, attajiri ya ba da mota ko kujerar Makka, manomi ya ba da damen gero. Lokacin da kuɗin mai suke yawo, kyautar ta yi kauri. Da aljihu ya tsuke, dole ta ragu, musamman ga ƙananan makaɗa na ƙauye waɗanda ba su da babban ubangida.

Abin da ya tallafa wa kiɗan a wannan lokaci shi ne kaset. Faifan garmaho tsada gare shi, ga saurin fashewa. Kaset kuwa ba ya buƙatar wutar lantarki, batir kawai, kuma ana iya kwafarsa daga wani zuwa wani. Ranar kasuwa sai mutum ya kai wa mai ɗaukar kaset fanko, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a zuba masa Ɗanƙwairo ko Shata ko Ɗan Anace yana wasa Shago. Idan batir ya yi sanyi sai a shanya shi a rana, idan za a mayar da kaset baya sai a sa biro a juya da hannu don kada a ƙona batir a banza. Waɗanda suka yi zamanin, na san kuna murmushi yanzu. Illar abin ita ce makaɗin ba ya samun ko kwabo daga waɗannan kwafe-kwafen. Ribarsa suna, sunan ne kuma yake jawo gayyatar biki da naɗin sarauta.

Sai rediyo. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ana jin sa har cikin ƙauyukanmu, ga Rima Rediyo daga Sakkwato. Mutumin da bai taɓa ganin talabijin ba ya san muryar Samanja Mazan Fama, wato marigayi Usman Baba Pategi, yana kwaɓa Hausa da Turancin bariki a daidai lokacin da soja ke mulki. Ɗan Maraya Jos kuma da kuntiginsa yana yi wa karen mota da sauran masu ƙananan sana'o'i waƙa. Talaka yana jin labarin kansa a cikin akwatin rediyo, yana dariya, kuma dariyar nan tana rage nauyin ciki.

Yanzu mu leƙa Kano, don abin da ya faru a can ya iso mana. Da naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka fi karkata ga littattafan makaranta masu tabbacin kasuwa. A ɗaya ɓangaren kuma, shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya yaye dubban matasa, maza da mata, da suka iya karanta boko amma babu aikin yi. Sai waɗannan matasan suka fara rubuta labaransu, suna kai wa ƙananan maɗaba'u, suna bugawa da kuɗinsu a takarda mai araha. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, labarin saurayi talaka da budurwa 'yar masu kuɗi. Ku lura da jigon. Tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi, wadda SAP ya ƙara buɗewa, ita ce ta koma labarin soyayya. Littafin da ba za ka iya saya ba kuma sai ka karɓo haya. Kwafi ɗaya ya zagaye gidaje goma, wadda ta iya karatu tana karanta wa waɗanda ba su iya ba, bayan an gama tuwon dare.

Fim ma haka ya bi. Gidajen silima da finafinan Indiya da na Amurka da na Sin suka dogara, su kuwa da kuɗin waje ake shigo da su, don haka faɗuwar naira ta taɓa su. Kyamarar bidiyo ta fi araha nesa ba kusa ba. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. A kudu kuma Living in Bondage ya fito a 1992. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an sami sunan Kannywood, gidajen kallo masu janareto kuma sun bazu har garuruwan da wutar NEPA ba ta taɓa zuwa ba. Masana'antar da yau take ciyar da dubban mutane, a cikin talaucin SAP aka haife ta. Ba mu kaɗai ba ne: a Amurka ma, bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, rediyo da silima ne suka riƙe mutane.

Amma idan ka tambayi dattawan Tungar Guru, abin da suka fi tunawa shi ne dandali. Da damina gayya, makaɗin noma yana bin manoma kunya-kunya. Da kaka dambe da kokawa, 'yan mata suna gaɗa a farin wata, da azumi yara suna tashe. Babu tikiti, babu janareto. Ko shekarar da amfani bai yi kyau ba, ana fitowa, sai dai kyautar makaɗi ta zama tiya maimakon dame.

Nan ne abin ya tsaya mini a rai. Yankin nan ya ga wasu jarabawoyin bayan SAP. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Tungar Guru na cikin waɗanda abin ya shafa. Sai matsalar 'yan bindiga ta biyo baya. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya a faɗin jihar. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai kuma, tsadar rayuwa ta dawo sabuwa. Yunwar 1984 ba ta hana a taru da dare ba, tsoro ya hana. Yaron da aka haifa a gudun hijira yana iya girma bai taɓa jin kiɗan gayya a gona ba, makaɗin da babu inda zai yi wasa kuma ba zai koya wa ɗansa ba. Shahararru irin su Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, waƙoƙinsu suna YouTube. Makaɗin ƙauyenku fa, wa ya ɗauke shi?

Don haka ga roƙona. Wayar da ke hannunka ta fi rikodar kawuna ƙarfi sau dubu. Idan akwai tsohon kaset a gidanku, kada a jefar, a nemi mai mayar da shi cikin waya ko kwamfuta. Idan akwai tsohuwar da ta iya waƙar daka ko ta gaɗa, ko dattijon da ya yi kiɗan noma, ka nemi izininsu ka ɗauka, ka rubuta sunan garin da shekarar. Ni na fara da akwatin kawu, kaset bakwai sun tashi, sauran sai addu'a.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya da yalwar arziki, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.