Kaso, Hauya da Komawa Gida a Ƙasar Arewa

Duk wanda ya yi nazarin al'amuran ƙasar Arewa ta Nijar, tun daga Matankari da Dogondutsi har zuwa Tibiri ta Samna, zai tarar cewa kalmar da ake kiran kurkuku da ita a nan, watau kaso, baƙuwa ce, daga bakin Faransawa aka aro ta. A zamanin da, kafin Musulunci ya kafu sosai a wannan yanki, idan husuma ta gagari dattawa, akan kai ta Lugu, garin Sarauniya, a tambayi dutsen Tunguma. Kuma ko da yake malamai ba za su yarda da wannan hukunci ba, Allah Ya tsare mu da shirka, wajibi ne mai tarihi ya faɗi cewa wanda aka kama da laifi yakan biya abin da aka ɗora masa, danginsa su taya shi, kashegari ya ɗauki hauyarsa ya koma gandun ubansa.

Bayan ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ƙone Lugu a 1899, aka kuma daidaita iyaka tsakanin Faransa da Ingila a 1906, sai wata siyasa ta daban ta sauka. A lokacin, kwamandan Faransa yana da ikon tsare talaka har kwana 15 ba alƙali ba shaida, ɗan kaso kuwa, da gardi a bayansa, shi ne mai ɗiban ruwa, mai fasa dutse, mai gyaran hanyar da ta ratsa Dogondutsi daga Yamai zuwa Damagaram. A nan ne, a ganina, aka yi ɓarnar da ta fi ɗaurin kansa muni, domin aiki, wanda a da shi ne ƙofar komawa cikin jama'a, ya zama azaba da alamar ƙasƙanci. Dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta soke aikin tilas, amma ba ta tanadi kome ba game da ranar da mutum zai fito daga kaso.

Hukumar Nijar ta yi nata ƙoƙari daga baya: akwai cibiyar koyar da sana'a ga ƴan kaso a Daikaina, kusa da Tilaberi, da ta yara a Dakoro. Sai dai dukansu suna da nisa da Arewa, kuma abin da ya riƙe mutumin da aka sallama a nan bai wuce al'adar nan ta ƙwadago ba. Idan Allah Ya sa fitowarsa ta dace da damina, lokacin da ciyawa ke neman cinye hatsi kuma kowane maigida yana neman hannu, ba mai tambayarsa inda ya kwana bara. Wani kawu zai ce, "Ɗana, gobe ka same mu a gona," ya yi noman farko da maimai, a biya shi da yamma, a kira shi gayya, kafin kaka an fara mantawa. Idan kuwa da rani aka buɗe masa ƙofa, sa'ad da gonaki suka bushe, idanun gari suka yi masa yawa, galibi sai ya ɗaure ƙunshinsa ya tsallaka iyaka cin rani, Kangiwa ko Argungu ko Sakkwato, ya yi ga-ruwa ko dako inda ba a san shi ba, ya jira saukar ruwan fari.