Mutumin Bayan Shinge: Tarihin Kallon Tseren Le Mans

A yammacin ƙasar Faransa, tafiyar kilomita kamar 200 daga birnin Faris, akwai wani tsohon gari a bakin kogin Sarthe wanda ake kira Le Mans, garin da in ba domin wani al'amari da ke aukuwa a cikinsa sau ɗaya a shekara ba, da wuya mutanen nesa su riƙe sunansa. Daga kudancin garin wata hanya ta miƙe ta nufi birnin Tours, wadda manoma da manyan motocin kaya ke bi dare da rana, amma idan watan Yuni ya kusa rabawa sai hukuma ta tare ta, a haɗa ta da waɗansu hanyoyi har su zama da'ira mai tsawon kilomita 13.6, sa'an nan motoci sittin da 'yan kai su yi ta kewaya ta tun daga yammacin Asabar har yammacin Lahadi, sa'a 24 cur, wadda ta fi cin nisa ita ce gwana. Ma'abota tarihin wannan tsere sun saba cika littattafansu da labarin direbobi da kamfanonin ƙera motoci. Mu kuwa nufinmu mu waiwayi mutumin da ke tsaye a bayan shinge, domin tazarar da ke tsakaninsa da bakin kwalta ita ma tana da nata tarihi, kuma da jini aka rubuta wani sashe nasa.

Ba bisa haɗari wannan al'ada ta sauka a Le Mans ba. Tun a shekarar 1873 wani maƙerin ƙararrawa na garin, Amédée Bollée, ya ƙera mota mai tafiya da tururi wadda ke ɗaukar mutum 12, ya raɗa mata suna da harshensu, ma'anarsa Mai Biyayya. A 1906 aka kafa ƙungiyar masu motoci ta yammacin Faransa, wadda har yau ita ke riƙe da ragamar tseren, kuma a wannan shekarar aka yi babban tseren da aka fara kira Grand Prix a hanyoyin gabashin garin, wani ɗan ƙasar Hangari mai suna Ferenc Szisz ya cinye shi da motar Renault. Bayan shekara biyu, a watan Agusta na 1908, Ba'amurke Wilbur Wright ya tashi da jirginsa a gaban jama'a a filin sukuwar dawaki na Hunaudières, daura da hanyar nan ta Tours. Saboda haka mutanen wannan gari sun riga sun saba da fitowa su tsaya a fili suna kallon sabon abin mamaki tun kafin a haifi tseren da ya ɗaukaka sunansu.

Shi tseren na sa'a 24 mutum uku ne suka ƙulla shawararsa: Georges Durand sakataren ƙungiyar, da Charles Faroux ɗan jarida, da Émile Coquille mai cinikin ƙafafun mota. Hujjarsu ita ce, motocin sukuwa na zamanin ba su da wata nasaba da motar da mutum zai saya ya ɗauki iyalinsa, don haka ya kamata a jarraba irin motar da ake sayarwa a kasuwa, da kujerunta da rumfarta da fitilunta, a ga wadda za ta jure wa yini da kwana ba ta gaza ba. Ranar 26 ga Mayu, 1923, motoci 33 suka tashi ana tsuga ruwa, a kan hanya mai tsawon kilomita 17 da 'yan kai wadda taɓo da tsakuwa suka cika, washegari 30 daga cikinsu suka kai ƙarshe, André Lagache da René Léonard suna kan gaba da motar Chenard et Walcker bayan sun ci kilomita 2,209. An ruwaito cewa motar Bentley guda ɗaya da ta zo daga Ingila, dutse ya huda mata tanki mai ya tsiyaye a daji, har sai da ɗaya daga cikin direbobinta ya ari keke ya kai mata mai a galan.

Waɗanda suka shirya abin sun fahimci tun farko cewa ɗan Adam ba ya iya zuba wa hanya ido sa'a 24, ga shi kuwa mota in ta wuce sai an jima kafin ta sake ɓullowa, shi ya sa suka tanadi makaɗa da majigi da wasan wuta da rumfunan abinci, har wurin ya zama rabinsa tsere rabinsa kasuwar biki, kuma a kan wannan siffa ya tabbata har yau. Amma game da tsaron rai, zamanin bai san shi ba sai kaɗan. Hanyar farko tana kutsawa har cikin unguwar Pontlieue, inda motoci ke shan wata matsattsiyar kwana a tsakanin gidajen mutane, masu gida suna leƙe ta taga. Sai a 1929 aka yanke wannan sashe, a 1932 kuma aka ƙara gajarta da'irar aka janye ta daga gari. A sauran wurare abin da ya raba ɗan kallo da mota bai wuce ɗan shingen katako ko tudun ƙasa ba, mutane kuwa suna ganin wannan kusanci shi ne daɗin abin.

Daga 1925 aka shigo da wata al'ada wadda ta zama alamar Le Mans har shekara 45: a jera motoci a gefe ɗaya na hanya, direbobi su tsaya a ɗaya gefen, idan aka sauke tutar Faransa sai su sheƙa a guje, kowa ya faɗa motarsa ya tayar. Yajin aikin ma'aikata ya hana tseren 1936, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya tsayar da shi daga 1940 har 1948, da aka dawo a 1949 sai jama'ar da ta gaji da baƙin ciki ta yi ɗango zuwa filin fiye da da. A 1952 wannan jama'a ta sami gwarzonta, wani Bafaranshe da ake kira Pierre Levegh, wanda ya ƙi miƙa wa abokin tuƙinsa sitiyarin motar Talbot, ya yi ta tuƙi shi kaɗai fiye da sa'a 22 yana kan gaba, har injin ya mutu saura kamar sa'a guda a tashi, nasara ta koma hannun Mercedes na Jamus. Saboda wannan aka kafa ƙa'idar iyakance sa'o'in da mutum ɗaya zai tuƙa, kuma saboda wannan bajinta ce kamfanin Mercedes ya ɗauke shi bayan shekara uku.

Ranar Asabar, 11 ga Yuni, 1955, mutum fiye da dubu ɗari biyu suka hallara, mafi yawan cunkoson yana daura da rumfunan kanikawa, inda hanya ƙunci gare ta, ba kuma abin da ya tsare jama'a sai tudun ƙasa da bai kai ƙirjin mutum ba. Wajen ƙarfe shida da rabi na yamma, Mike Hawthorn na Jaguar, wanda ya yi sa'a biyu yana gumurzu da Juan Manuel Fangio na Mercedes, ya wuce wata ƙaramar motar Austin-Healey ta Lance Macklin, nan take ya taka birki don ya ratse wurin kanikawansa. Macklin ya kauce hagu don kada ya afka masa, alhali Levegh na tafe a bayansa da gudun fiye da kilomita 200 a sa'a. Motar Levegh ta hau bayan ta Macklin, ta tashi sama, ta daki tudun nan ta tarwatse, inji da murfinsa da ƙarfen ƙafafun gaba suka ratsa cikin mutanen da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa. Gangar jikin motar an yi ta da wani ƙarfe marar nauyi mai suna maganiziyam, wanda in ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi, don haka da 'yan kwana-kwana suka watsa ruwa sai wutar ta ƙara tashi. Levegh ya mutu nan take, tare da shi 'yan kallo fiye da 80, waɗanda suka jikkata kuwa sun haura ɗari.

Ba a tsayar da tseren ba, kuma har yau akwai saɓani a kan wannan hukunci. Hujjar shugabannin ita ce, in aka sallami wannan taro a lokaci guda, hanyoyi za su toshe motocin asibiti su rasa wurin bi. Masu suka kuwa suna ganin bai dace a ci gaba da wasa gawawwaki na kwance ba. Bayan tsakar dare umarni ya zo daga Jamus, Mercedes suka janye motocinsu suna kan gaba, a ƙarshen shekarar kuma suka bar tsere baki ɗaya har kusan shekara talatin. Binciken hukuma bai ɗora laifi a kan wani direba ba, ya jingina musibar ga fasalin hanyar, wadda aka tsara domin motocin 1923 amma aka bar motocin da suka ninka su gudu suna bi. Ƙasar Siwizalan ta haramta irin wannan tsere a cikinta, hanin ya ɗauki fiye da shekara sittin. A Le Mans kuwa aka rushe rumfunan kanikawa aka gina sababbi, aka faɗaɗa hanya, aka matsar da jama'a baya, kuma daga ranar nan ne ɗan kallo ya daina zama mutumin da ake bari ya kula da kansa, ya zama amana a wuyan masu shirya taro.

Gyara na biyu direba ne ya jawo shi, a gaban idon jama'a. Da yake kowa na gaggawar tashi, direbobi da yawa kan ja mota ba su ɗaura ɗamarar kujera ba. A 1969, da tuta ta sauka kowa ya ruga, sai aka ga ɗan Beljiyam Jacky Ickx yana takawa sannu a hankali, motoci na wucewa ta gabansa, ya shiga motarsa ta Ford ya ɗaura ɗamara a natse, ya tashi a ƙarshen kowa. Kafin a gama zagayen farko wani Bature ɗan Ingila, John Woolfe, ya yi haɗari da motar Porsche ya rasu. Washegari Ickx ya ci tseren, tazarar da ke tsakaninsa da direban da ya zo na biyu, Hans Herrmann, ba ta wuce mita 120 ba bayan tafiyar kusan kilomita 5,000. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Daga wannan shekara ba a sake gudun ƙafa a Le Mans ba.

Haka aka yi ta yi, duk lokacin da gudu ya ƙaru sai a ƙara shamaki. Miƙaƙƙen sashen nan na hanyar Tours, mai tsawon kusan kilomita 6, a kansa wata mota mai injin Peugeot, wato Fijo da muka sani, ta kai kilomita 405 a sa'a a 1988, sai a 1990 aka karya shi da kwanoni biyu don a rage wa motoci ƙarfi. A 1999 wata motar Mercedes ta sake tashi sama tana juyi, ta tsallake shinge ta faɗa cikin itatuwa, amma a wurin da aka riga aka hana jama'a tsayawa, direbanta Peter Dumbreck kuma ya fita da ransa.

Ɗan kallon yau yakan zo tun farkon mako ya kafa tantinsa a cikin dubban tantuna, ga Faransawa, ga Ingilishi da suka ƙetaro teku ayari ayari, ga mutanen Denmak da suka biyo sawun ɗan ƙasarsu Tom Kristensen, wanda ya ci tseren sau 9. Yakan shiga tsakiyar gari ya ga ana auna motoci a dandali, ranar Juma'a ya ga an zaga da direbobi cikin tsofaffin motoci marasa rufi. A 2023, shekarar cika ɗari, mutum 325,000 suka hallara. Amma duk wanda ya san wurin zai gaya maka asirin abin yana cikin dare. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, kuma wanda ya haƙura ya tafi kwanar Arnage ko ta Mulsanne da ƙarfe uku na dare, ya zauna a kan tudu cikin sanyi da bargo a kafaɗa da 'yar rediyo a kunne, zai fara jin kukan inji daga cikin daji tun bai ga kome ba, sa'an nan hasken fitila ya share gindin itatuwa, sa'an nan motar ta iso, faifan birkinta ya yi jajir kamar garwashin maƙera a cikin ƙafafunta, wuta na tartsatsi daga bututun hayaƙi, ta sha kwana ta ɓace, ta bar ƙaurin taya a iska. A gefensa wani ya yi barci a kan ciyawa, tsakaninsu da hanya kuwa akwai ƙarfe da fili da doguwar ragar waya, wadda masu ɗaukar hoto ke ƙorafin tana ɓata musu aiki.

Idan gari ya waye, motocin da suka tashi fes sun yi baƙi da ƙura da mai, waɗansu an ɗaure su da liƙi, waɗansu an ja musu ƙofar gareji, kuma ba mai iya cewa ga gwani sai agogo ya cika, domin a 2016 motar Toyota tana kan gaba ƙarfinta ya ɗauke saura 'yan mintoci, ta tsaya a gaban babbar rumfar jama'a, Porsche ta wuce ta. Da an kaɗa tutar ƙarshe motoci sun shige, sai a buɗe ƙofofin shingen, jama'a su kwarara kan kwaltar da aka yini aka kwana ana tsare su daga gare ta, yara na tsintar ɓarɓashin taya suna cusawa a aljihu, dubban ƙafafu suna taka daidai wurin da motar Levegh ta tashi, mafi yawansu ba su lura da ɗan ƙaramin allon da aka liƙa a bango don tunawa da 11 ga Yuni, 1955 ba. Kafin mako ya zagayo an kwashe tantuna, an janye shingayen hanyar Tours, motocin kaya sun koma bin ta da gudun da doka ta yarda.