Makwancin Jariri a Gefen Uwa: Nazarin Ma'aunin Zaɓi a Mungadi da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sharuɗɗan da masana lafiyar yara suka gindaya wa ƙaramin gadon da ake jinginawa da gadon uwa, ta auna su da yadda ake kwana a Mungadi ta ƙaramar hukumar Maiyama da maƙwabtanta na Jega da Aliero. Matsayinta shi ne, makwancin da ya dace da jariri a wannan yanki dole ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, inda hannun uwa ke kaiwa, kuma cikin gidan sauro. Gadon da ya cika biyun farko ya saki na uku bai tsare jariri ba, komai tsadarsa.

Gabatarwa

Mai jego a ƙasar Hausa da jaririnta take kwana, shimfiɗa ɗaya, tun daga daren haihuwa har bayan arba'in. Haɗarin da ke cikin haka ba baƙo ba ne gare mu, domin malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin matar da ta juya cikin barci ta danne ɗanta, suka ajiye mas'alar a babin kisan kuskure. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne awo. Bayan da aka gano cewa kwantar da jariri rub da ciki na da alaƙa da mutuwar fuju'a cikin barci, Ingila ta fara yekuwar kwantar da jarirai rigingine a 1991, Amurka ta bi a 1994, kuma a ƙasashen biyu irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a matsayarta ta 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata shida na farko, amma a makwancinsa daban, mai tauri, wanda karkatarsa ba ta wuce digiri 10 ba, babu matashi babu tarin zannuwa. Gadon gefe an ƙirƙiro shi ne don a samu kusanci ba tare da dannewa ba.

Abin da gadon gefe ke buƙata

Gadon gefe na da gefe guda da ake saukewa, sai a ɗaure shi da gadon uwa da maɗauri, a daidaita tsayin katifun biyu. Duk amincinsa ya rataya ne a kan wannan mahaɗa. Idan tazara ta buɗe tsakanin katifun, jariri na iya zamewa ciki fuskarsa ta toshe. Idan gefen ya tsaya rabi da rabi, wuyansa na iya hawa kai. Haka ta faru a kudancin Ingila a watan Afrilun 2015, lokacin da wata jaririya 'yar mako bakwai ta rasu a gado samfurin Bednest, wuyanta a kan gefen da aka sauke rabi. A Amurka an haramta sayar da gadajen yara masu zamammen gefe tun 2011, sannan a Afrilun 2019 aka janye makwancin jingine na Rock 'n Play na kamfanin Fisher-Price, wajen guda miliyan 4.7, bayan rahoton mutuwar jarirai sama da 30. Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin kayan yara na gwanjo sukan iso kasuwa babu takardar bayani, sau da yawa babu maɗauri, katifar ma wani lokaci ba tasu ba ce. Tambarin babban kamfani a jikin gado bai nuna ko an janye samfurin a ƙasar da aka ƙera shi ba.

Sai kuma a dubi ɗakin da za a kai gadon. A gida guda akan sami gadon katako mai tsayi da aka kawo a kayan ɗaki, da gadon ƙarfe, da katifar soso a ƙasa. Idan bazara ta kankama, zafin Afrilu ya haura digiri 40, iyali da yawa tsakar gida suke fitowa su shimfiɗa tabarma. Gadon gefe mai ƙafafu ba ya ɗauruwa da tabarma, kuma ba kowace mai jego za ta riƙa jan shi waje kowane dare ba. Makwancin da ba ya bin uwa inda ta kwana, ajiyar kayan sawa zai koma.

Sauro

Nan ne shawarar da aka rubuta don ƙasashen sanyi take gazawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 52 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, alhali a Legas kashi 2 ne. Binciken 2021 ya sami kashi 49, a lokacin ma Kebbi ce kan gaba. Binciken 2018 ɗin ya kuma nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a jihar, 252 ba sa kai shekara biyar. Shi ya sa da aka fara rigakafin zazzaɓin a Nijeriya a Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma. Amma allurar farko sai yaro ya kai wata biyar, wato a watannin da ake maganar gadon gefe gidan sauro ne babbar garkuwa. Shi kuwa gidan sauro yana aiki ne idan an cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta ko'ina. Gadon da aka manna a gefe yana karya wannan zagaye: ko jariri ya kasance a waje, ko a ɗage ragar ta wajensa a bar ƙofa a buɗe. Idan aka ba shi nasa ƙaramin gidan sauron, uwa za ta buɗe raga biyu duk lokacin shayarwa, kuma matar da barci ya ci ƙarfinta a tsakar dare ba kullum take mayar da su yadda suke ba. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Mafita ta fi kama da abin da al'ummar Mawori ta ƙasar Niyu Zilan ta yi. Su ma suna kwana da jariransu, kuma wa'azin a daina bai karɓu ba. Wajen 2006 likita David Tipene-Leach da masu saƙa suka fito da wahakura, kwando mai faɗin gindi da gajeren gefe da ake saƙawa da ganyen wata shuka tasu, a ɗora shi a kan gadon iyaye. Gwajin da aka wallafa a 2017 ya kwatanta shi da ƙaramin gado na daban, bai sami ƙarin haɗari ba, ya kuma sami ƙarin shayarwa a wata na shida. Tsakanin 2009 da 2015, lokacin da aka yawaita rabon irin waɗannan makwantai tare da wayar da kai, mutuwar jarirai bayan makon farko ta ragu da kashi 29 cikin ɗari a ƙasar. Ba za a ce kwando kaɗai ya yi wannan ba. Abin da ya dace da Mungadi a ciki shi ne siffarsa: yana shiga gidan sauron uwa, yana hawa gado, yana sauka tabarma, kuma masu saƙar kaba da kafintocin Jega za su iya yin irinsa idan an ba su awo. Gindi ya zama shafe ɗaya mai tauri, katifa siririya da ta cika shi ta yadda yatsu biyu ba za su shiga gefenta ba, idan kuma da sanduna, tazararsu kada ta wuce santimita 6.

Hujjojin masu ja

Wasu za su ce raba makwanci zai raunana shayarwa ya kuma hana jariri ɗumin uwa. Hujjar tana da ƙarfi. Gwajin da aka yi a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa manna bakwaini a ƙirjin uwa tun daga haihuwa ya rage mutuwarsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Sai dai wannan aiki ne da ake yi bisa kulawar ma'aikatan lafiya, jariri a ɗaure daidai, hanyar numfashinsa a buɗe. Ba ɗaya yake da barcin gajiya a kan tattausan soso ba. Ƙananan jarirai da bakwaini su ne ma dannewa ta fi yi wa illa. Game da shayarwa, binciken Helen Ball ta Jami'ar Durham na 2006 ya nuna cewa jariran da ke gadon gefe sun sha nono akai-akai fiye da waɗanda aka ajiye a gado na daban. Nisa ne ke cutar da shayarwa, gajeren shinge ba ya yi. Shi kuwa ɗumi, yawansa ma haɗari ne: a inda mai jego ke kwana kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, al'adar da likitocin Zariya suka alaƙanta da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970, ko inda ake shigar da kaskon garwashi ɗaki da hunturu, jariri ya fi buƙatar makwancinsa daban, nesa da zafi da hayaƙi.

Wasu kuma za su ce mutuwar fuju'a cikin barci damuwar Turawa ce, tunda asibitocinmu ba su cika da ita ba. To ina za ta bayyana? Binciken 2018 ya nuna cewa haihuwar asibiti a Kebbi ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba. Jaririn da aka wayi gari babu shi, kafin azahar an yi masa sutura, a yi wa iyaye ta'aziyya, wani lokaci a ce ɗan wabi ne. Likita bai gan shi ba balle ya rubuta. Akwai kuma tsoron kakanni cewa jaririn da ya kwana rigingine zai shaƙe da tumbiɗi. Tsarin maƙogwaro ya saɓa wa wannan: a rigingine hanyar iska tana sama da hanyar abinci, don haka tumbiɗi komawa yake ƙasa, kuma ƙasashen da suka sauya kwanciyar ba su ga ƙaruwar shaƙewa ba.

Tunda a gida ake haihuwa, awon nan ungozoma da uwar mai jego ya kamata ya fara isa gare su, musamman a haihuwar fari da ake zuwa goyon ciki. Ɗaliban kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega da masu bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero na iya gwada kwandon kaba a gidajen Mungadi cikin bazara da damina da hunturu, su auna zafin cikinsa, su duba ko gidan sauro na zama a rufe har asuba. Za su kuma tantance watan da ya kamata a bar shi, domin da zarar jariri ya fara juyawa da kansa, galibi tsakanin wata huɗu zuwa shida, gajeren gefe ba ya ƙara riƙe shi.